Dinari Biyu da Alkawarin Dawowa

Karatu: Luka 10:25-37

  Ina gaishe da ku na Jimeta da Yola, da ku da ke jinmu daga Numan da Demsa da Guyuk, daga Song da Gombi da Hong har Mubi da Michika da Madagali, da ku na Mayo Belwa da Jada da Ganye. Gaisuwa ta musamman ga wanda yake kwance ba lafiya, aka ajiye masa rediyo kusa da kai. Sannu, Allah ya ƙara sauƙi. Maganarmu ta yau ta shafe ka ƙwarai.

In akwai Littafi Mai Tsarki kusa, a ba yaro ya buɗe Bishara ta hannun Luka sura 10, ya karanta wa dukan gida daga aya 25 zuwa 37, ko da Hausa ko da harshenku in kuna da shi. Labarin Basamariye ne, wanda muka sani tun muna makarantar Lahadi. Wani malamin Attaura ya so Yesu ya shata masa iyakar mutanen da wajibi ne ya ƙaunata. Maimakon ya ja masa layi, sai Yesu ya ba shi labari. Wani mutum ya tashi daga Urushalima za shi Yariko. Hanyar kamar kilomita 27 ce, ba ta kai daga Jimeta zuwa Numan ba, amma gangara ce cikin duwatsu, wurin ɓuyan 'yan fashi. Suka tare shi, suka ƙwace abin da yake da shi, suka yi masa dūka, suka bar shi tsakanin rai da mutuwa. Firist ya zo ya wuce. Balawi ya zo ya wuce. Sai wani Basamariye, mutumin kabilar da Yahudawa ba sa ko shan ruwa da ita, shi ne ya tsaya.

Yawancin wa'azinmu a nan yake tsayawa. Mukan tsawata wa firist da Balawi, mu yabi Basamariye, mu rufe da addu'a. Yau ina so mu dubi aya 34 da 35 da kyau, gama Luka likita ne, kamar yadda Bulus ya kira shi cikin wasiƙarsa zuwa ga Kolosiyawa, kuma ya rubuta wannan wuri da idon likita. Basamariyen ya wanke raunukan da ruwan inabi, ya shafa mai, ya ɗaure. Abin da matafiyi yake da shi cikin jaka ke nan. Bai ce tun da ni ba likita ba ne babu ruwana ba. Amma kuma bai ɗauka cewa ɗaurin da ya yi a bakin hanya ya isa ba. Ya ɗora mutumin a kan dabbarsa, ya kai shi masauki, ya kwana yana jinyarsa. Da gari ya waye ya ciro dinari biyu ya ba mai masaukin. Dinari ɗaya ladan aikin ƙodago ne na yini guda, kamar yadda muka gani cikin Matiyu sura 20. Sa'an nan ya yi abin da ya fi kuɗin nauyi. Ya yi alkawari zai sāke biyowa ta wurin, ya biya duk abin da aka ƙara kashewa.

Ku riƙe wannan alkawari a zuciya. Za mu komo kansa.

Wane ne yake kwance a bakin hanya a Jimeta yau? Ba lalle ka gan shi cikin jini ba. Yana tuƙa keke Napep daga kasuwa zuwa Jambutu, kansa yana sarawa tun makon jiya. Tana suyar ƙosai a Luggere, ƙafafunta sun kumbura. Yana gadi a Karewa ko Bekaji, ya yi wata biyu yana tari. Tana wanki a gidajen mutane a Demsawo, tana da ciki wata bakwai, ba ta taɓa zuwa awo ba. Da yawa cikinsu 'ya'yanmu ne da suka baro ƙauye neman abinci, waɗansu kuma gudu ne ya kawo su. A ƙauye in ka kwanta, dangi suna nan, akwai akuya ko buhun dawa da za a sayar. A birni ɗaki ɗaya kake haya, ranar da ba ka fita ba kuwa ba a ɗora tukunya.

Ba asibiti ne babu ba. Ga Asibitin Ƙwararru a Jimeta. Ga wanda muka saba kira FMC a Yola, wanda yanzu ya zama Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama. Akwai likitoci da nas masu tsoron Allah a ciki, suna aiki dare da rana. Amma kowa ya san lissafin: kuɗin mota, kuɗin kati, kuɗin gwaji, kuɗin magani, ga yinin da aka rasa. Saboda haka mutum yakan tsaya a kemis na unguwa ya miƙa abin da ke hannunsa ya ce a haɗa masa. A haɗa masa ja da fari da rawaya cikin leda. In ya ji sauƙi ya gode Allah. In bai ji ba ya koma wurin mai saiwa. Sai ranar da ya faɗi a kwashe shi zuwa asibiti, lokacin da kuɗin ya ninka sau goma, wani lokaci kuma an riga an makara.

Babban binciken lafiya na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna cewa cikin mutum 100 masu shekara 15 zuwa 49, kamar mutum 3 ne kaɗai suke da inshorar lafiya. Inshora ita ce ka riƙa zuba kaɗan kaɗan tun kana da lafiya, domin ranar ciwo a yi maka magani daga asusun da kowa ya zuba. A 2022 aka sa hannu a sabuwar doka da ta ce kowane ɗan Nijeriya ya kamata ya shiga, an kuwa sami ƙarin mutane tun lokacin, amma har yanzu mafi yawanmu muna waje. Fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a ƙasar nan daga aljihun marar lafiya da danginsa yake fitowa. Markus sura 5 ta ba mu labarin mace mai zubar jini shekara 12, wadda jinya ta cinye dukan abin da ta mallaka, ciwon kuwa sai gaba yake yi. Duk wanda ya taɓa sayar da gona ko keken ɗinki domin jinya ya san matar nan. Tana cikin zumuntar mata ta kowace ikilisiya.

To, cikin wannan hali, akwai wani abu mai kyau da muke gani. Lokaci lokaci, musamman da hutu ko lokacin babban taro, sai ka ga matasa cikin fararen riguna sun kafa rumfa a harabar majami'a ko filin makaranta. 'Yan makarantar koyon aikin nas da ungozoma ne, da masu koyon likitanci, da masu yi wa ƙasa hidima, tare da likita ɗaya ko biyu da suka ba da ranarsu. Hukumar masu yi wa ƙasa hidima ma tana da shiri irin wannan na kai magani kyauta cikin karkara tun 2014, ƙungiyar likitoci Kirista ta Nijeriya kuma tana da reshen ɗalibai masu fita wannan aiki. Suna auna jini, suna gwada suga, suna gwajin zazzaɓin cizon sauro wanda sakamakonsa yake fita cikin minti 15 ko 20, suna ba yara maganin tsutsar ciki. Ba sa karɓar ko kwabo. Na ga tsohuwa tana sa musu albarka da harshenta, su ba su ji ba, amma sun gane. Ban zo in rage darajar wannan aiki ba. Mai da ruwan inabi ne a bakin hanya, Ubangiji kuwa yana gani.

Amma bari in faɗa muku abin da ya faru a wata ikilisiya da na yi hidima a cikinta, gama har yau yana damuna, laifin kuma har da ni.

Wata Asabar irin waɗannan matasa suka zo mana. Ni na yi sanarwa mako biyu a jere, ni na buɗe da addu'a. Mutane suka cika harabar tun da sassafe, Kirista da Musulmi. Cikinsu akwai wata gwauruwa, uwar 'ya'ya biyar, mai sayar da waina, wadda ba ta fashin sujadar safe. Wata yarinya 'yar makaranta ta auna ta, ta sāke aunawa, ta kira likita. Jininta ya hau sosai. Aka ba ta magani na mako biyu, aka ce ta je asibiti kafin ya ƙare. Da Hausa aka gaya mata, cikin hayaniya, ga layi a bayanta. Ita kuwa Hausarta ta ciniki ce. Abin da ta fahimta shi ne an gano ciwon, an ba ta magani, shi ke nan. Ta sha ya ƙare, ta ji kanta ya daina nauyi, har ta ba da shaida ranar Lahadi, muka tafa. Bayan wata biyar, tana gaban murhu da asuba, ta faɗi. Ɓarin jikinta na dama ya shanye, bakinta ya karkace. Ta rayu, amma babbar 'yarta ta bar makaranta ta karɓi tanda.

Matasan nan ba su yi kuskure ba. Sun auna daidai, sun ba da magani daidai, sun faɗi gaskiya. Amma da yamma suka naɗe rumfa suka koma makaranta da takardunsu. Ni kuwa da na tsaya na yi musu jawabin godiya, ban tambaya ba ko mutum nawa aka samu da hawan jini cikin garkena, ko wa zai sāke duba su. An ɗaure rauni, amma ba masauki, ba mai masauki, ba wanda ya ce zai dawo.

Ku ji wannan da kyau, ku na gida. Hawan jini ba kamar zazzaɓi ba ne da za a sha magani kwana uku a warke. Sau da yawa ba ya ba da alama ko kaɗan. In awo ya riƙa nuna 140 bisa 90 ko fiye, akwai magana. Wanda likita ya ɗora shi a kan magani, kullum zai riƙa sha, ko yana jin daɗin jikinsa, ba ya dainawa sai da izinin likita. Haka ciwon suga yake. Ciwo irin wannan ba a yi masa biki na yini ɗaya. Yana bukatar wurin da yake buɗe wannan mako, da mako mai zuwa, da na gaba, da littafi mai ɗauke da sunanka, da mutumin da zai lura in ba ka zo ba.

Ko 'yan makaranta za su iya riƙe wuri irin wannan? An yi, an kuma daɗe ana yi. A birnin Kef Tawun na Afirka ta Kudu, a 1943, wani ɗalibin likitanci mai suna Andrew Kinnear yana tuƙa motar asibiti da hutu domin ya sami kuɗin makaranta. Aikin ya riƙa kai shi wata unguwar bukkoki da ake kira Windermere, inda ya ga talauci da ciwon da ya hana shi barci. Ya tara abokan karatunsa, wata malamarsu, Likita Golda Selzer, ta tsaya musu, suka buɗe ɗakin shan magani. Daga nan ƙungiyar SHAWCO ta fito. Ɗalibai sun yi ta shiga suna fita, suna gama karatu suna tafiya, amma aikin ya wuce shekara 80, da yamma bayan aji ake fita unguwannin talakawa. A Amurka kuma, ƙasa mai arziki amma mai miliyoyin mutane marasa inshora, ɗaliban wata jami'a a birnin San Diyego tare da Likita Ellen Beck sun fara nasu a 1997. Kun san inda suka fara? Cikin ginin wata ikilisiyar Metodis da ta riga tana ciyar da marasa gida. Daga baya wata ikilisiyar Lutheran a tsakiyar birnin ta ba su wuri ita ma. Wani bincike da aka buga a 2014 ya nuna kamar uku cikin huɗu na makarantun likitanci a ƙasar suna da irin wannan ɗakin magani.

Tsarin ba mai wuya ba ne. Rana sananniya ce, wuri sananne. Ƙaramin ɗalibi yana karɓar mutane, ya rubuta suna, ya auna jini da nauyi. Babban ɗalibi ya zauna da marar lafiya ya saurare shi da kyau, gama ɗalibi yana da abin da likita ba shi da shi, wato lokaci. Sa'an nan su kai maganar gaban likita mai lasisi, shi ne zai duba, ya yanke shawara, ya sa hannu a takardar magani. Abin da ya fi ƙarfinsu su tura babban asibiti da wasiƙa. Kuma akwai littafi. Ajin bana ya miƙa wa ajin baɗi littafin da mabuɗi.

Wani zai ce, Malam, wannan ai aikin Turawa ne. Ɗan'uwa, ka manta tarihin gidanku ne? A 1913 Niels Bronnum ya iso Numan daga ƙasar Denmak. Likita ne. Matarsa ta rasu a hanya kafin ya iso, duk da haka bai juya ba. Da magani a hannu ya zauna cikin Bachama, makarantar tauhidi ta LCCN da ke Mbamba kusa da Yola kuwa sunansa take ɗauke da shi. Ran 17 ga Maris 1923 Stover Kulp da Albert Helser suka yi sujada ta fari ƙarƙashin tsamiya a Garkida, ba a daɗe ba kuwa asibiti ya tashi a can, da wurin jinyar kutare, sa'an nan wani asibiti a Lassa. Zazzaɓin da duniya take kira da sunan Lassa, a 1969 aka gano shi, bayan ya kashe wata nas ta mishan, Laura Wine, wadda take aiki a can. Kakanninmu da yawa a bakin ɗakin shan magani suka fara jin sunan Yesu. Kuma ba Turawa kaɗai suka yi aikin ba. Wa yake wanke gyambo, wa yake yin allura, wa yake fassara? Samarinmu ne da 'yan matanmu, masu koyo. A shekarun 1970 aka kafa shirin da ake kira Lafiya a Garkida. Ƙauye ya zaɓi mutanensa, a koya musu 'yan watanni, su koma gida da ƙaramin akwatin magani, suna koyar da tsabta da rigakafi ta wurin tatsuniya da waƙa, da harshen mutanensu. Har daga waɗansu ƙasashe an zo ganin yadda ake yi. Abin da ya sa ya yi amfani shi ne ma'aikacin ba baƙo ba ne, gobe ma yana nan.

Mun kuma ga abin da garin nan zai iya a 2014. Gulak da Michika suka faɗa hannun Boko Haram a watan Satumba, Mubi kuma a ƙarshen Oktoba, har hedkwatar EYN da ke Kwarhi. Mutane suka kwararo Yola da ƙafa. Akwai masu saurarona yanzu da suka kwana da mutum 30 ko 40 cikin gida mai ɗaki uku. Bishop Stephen Mamza ya buɗe harabar majami'ar Santa Teresa a Jimeta ga dubban mutane. Ɗalibai da ma'aikatan Jami'ar Amurka da ke Yola, tare da limamai da fastoci, suka yi ta rabon masara da wake. Bishop ɗin kuma bai tsaya ga shinkafar ranar fari ba. A 2021 aka buɗe gidaje 86 a Sangere Margi domin waɗanda ba su iya komawa gida ba, da majami'a, da masallaci domin Musulmin da ke cikinsu. Shekara bakwai ke nan tsakanin buɗe ƙofa da miƙa mabuɗi.

Yanzu ina magana da dattawan ikilisiya. Baba, ku dubi ginin da Allah ya ba ku. Azuzuwan makarantar Lahadi suna kulle daga Litinin zuwa Asabar, ƙadangaru ne kaɗai suke sujada a ciki. Yola kuwa yanzu tana da asibitin koyarwa, da masu koyon likitanci, da kwalejin nas da ungozoma, da masu yi wa ƙasa hidima da ake turo mana kowace shekara. Da yawa cikinsu suna zaune a bencinku ranar Lahadi, kuna sa su share majami'a da jera kujeru. Cikin labarinmu, ikilisiya ba lalle ta zama Basamariye ba. Tana iya zama mai masauki: ta ba da ɗaki ɗaya, tebur biyu, benci, ruwa mai tsabta, da labule domin mace ta faɗi damuwarta ba a gaban jama'a ba. Na'urar awon jini ba ta kai kuɗin lasifika ɗaya ba, mu kuwa muna da lasifika huɗu. Baiko ɗaya cikin wata uku zai sayi tsinken gwajin suga. Zumuntar mata ta ba da mutum biyu masu jin harsunan unguwar, su zauna su fassara, su kuma riƙe littafin. In Mama wance ba ta zo awo ba, ranar Lahadi a tare ta a bakin ƙofa. Da an yi wannan kaɗai, da mai wainar nan tana gaban tandarta yau.

Amma akwai sharaɗi, ba kuwa zan sassauta shi ba. Kada a buɗe ƙofa sai da likita ko babbar nas mai lasisi a wurin, kuma da sanin hukumar lafiya ta ƙaramar hukuma da shugabannin makarantar ɗaliban. Na san abin da waɗansu suke faɗi: wato talaka ne za a koyi aiki a jikinsa? Tambayar tana da nauyi, kada a raina mai yinta. Talaka ba allo ba ne. Ɗalibin likitanci shekara shida yake karatu, ya ƙara shekara guda ƙarƙashin manya kafin a sake shi, ba a banza aka tsara haka ba. Ɗana, 'yata, in ka sa farar riga tsoho ya kira ka likita, ka gaya masa gaskiya cewa kai mai koyo ne. Kada ka rubuta maganin da ba a ba ka izini ba. Kada ka ɗauki hoton marar lafiya ka sa a Facebook domin a yabe ka. Abin da ka ji cikin ɗakin nan, a nan zai tsaya, ko da uwarka ce shugabar zumunta. Basamariyen ya san inda iyawarsa ta ƙare, shi ya sa ya nemi masauki. Ikilisiya kuma kada ta karɓi ragowar magani wanda kwanansa ya ƙare domin kawai kyauta ne.

Sharaɗi na biyu, kada a tambayi kowa addininsa ko kabilarsa a bakin ƙofa, kada kuma a ce sai ka zauna wa'azi kafin a auna ka. Mutumin da ke kwance a hanyar Yariko an tuɓe shi, ba ya magana, ba abin da zai nuna ko shi wane ne. Ina tsammani da gangan Yesu ya bar shi haka. Bafulatana mai tallar nono ta zo, a auna ta. Almajiri ya zo da gyambo, a wanke. Wanda ya roƙi addu'a a yi masa da murna. Mun sha wuya a jihar nan, na sani, akwai kuma masu rauni a zuciya da har yanzu bai warke ba. Amma magani in ya zama ƙugiya, mutane suna ganewa, sunan Ubangiji ne kuma yake ɓaci.

Akwai kuma masu koyar da cewa shan magani rashin bangaskiya ne. Na taɓa binne wani saurayi da aka sa ya zubar da maganinsa bayan an yi masa addu'a. Ina ba da gaskiya Allah yana warkarwa, na kuwa gani da idona. Amma Yesu da bakinsa ya sa mai da ruwan inabi a hannun mutumin da ya yaba. Annabi Ishaya ya sa aka ɗora wa Sarki Hezekiya curin ɓaure a kan marurunsa, bayan Allah ya riga ya ce zai warke. Ka yi addu'a, ka haɗiye ƙwayarka da ruwa, ka gode wa Allah domin duka biyu.

Kafin a kai ga buɗe wani ɗaki, akwai abubuwan da aka riga aka biya dominku, da yawa kuwa ba su sani ba. Gwajin tarin fuka da maganinsa kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. Duk wanda ya yi mako biyu yana tari, musamman da rama da zufar dare, ya je. Maganin rage ƙarfin ƙwayar cutar ƙanjamau kyauta ne. Allurar rigakafin yara kyauta ce. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana kowane asibiti ya ƙi karɓar wanda yake cikin halin gaggawa. Jihar Adamawa tana da hukumar taimakekeniyar lafiya da ake kira ASCHMA, ba domin ma'aikatan gwamnati kaɗai ba. Sakataren ikilisiya ya je ofishinsu ya tambayi yadda mai sana'ar hannu zai shiga, da abin da aka tanada domin gwauraye da marasa galihu, ya dawo ya bayyana wa jama'a da harshen da suke ji. Wannan ma aiki ne da ɗalibi zai iya yi: ya zauna da tsohuwa ya cika mata takarda.

In kuwa wata Asabar matasa suka sāke kafa rumfa a harabarku, ku karɓe su hannu biyu, ku dafa musu abinci. Amma kafin su naɗe rumfar, dattijo ɗaya ya ja shugabansu gefe ya yi masa tambayar da ni ban yi ba: su wa kuka samu da ciwon da ke bukatar bibiya, sun yarda a ba mu sunansu, kuma yaushe za ku dawo? In sun ce ba za su iya ba sai baɗi, ku tambaye su ko akwai mutum biyu cikinsu da za su iya zuwa Asabar ta fari a kowane wata. Ku fara da wannan. Sannu ba ta hana zuwa.

Bari mu yi addu'a.

Ya Uba, muna kawo maka masu ciwo da suke jinmu yanzu, da waɗanda suke ɓoye ciwonsu domin ba kuɗi. Ka tuna da gwauruwar nan da 'yarta da ta bar makaranta. Ka gafarta mini, ka gafarta mana, inda muka tafa hannu muka koma gida. Ka sa albarka ga 'ya'yanmu masu koyon aikin jinya a Yola da Jimeta, ka ba su kuɗin makaranta, da hannu mai taushi, da bakin da ke riƙe asiri. Ka ƙarfafa likitoci da nas da suka gaji, ka ta da waɗanda za su tsaya a bayan yaran nan. Cikin sunan Yesu Kiristi Ubangijinmu. Amin.

Mako mai zuwa, in Ubangiji ya yarda, za mu karanta Littafin Sarakuna na Biyu sura 5, labarin yarinyar da aka kamo daga ƙasarta, wadda ta nuna wa maigidanta Na'aman inda zai sami warkarwa. Ku karanta kafin lokacin. Ku huta lafiya.